Daga Buzun Malam Zuwa Kujera Mai Juyi

 

Na san wata za ta buɗe wannan shafi ta taɓe baki ta ce, yau kuma marubuciyar tamu ta rasa abin faɗa ne, duk labaran soyayya da na zaman kishi sun ƙare sai maganar kujera? To ki yi haƙuri ki biyo ni a sannu, ruwa ba ya tsami banza.

Akwai wata ƙanwata, ɗiyar ƙanwar mahaifiyarmu ce, ita ke buga min littattafaina a kwamfuta tun daga na biyu. Da rana tana aikin sakatariya a wani ofis a Kalgo wanda ba sai na kama suna ba, da dare ko ranar Asabar kuma ta ɗauki rubutun nan nawa mai kama da tafiyar tsutsa ta mai da shi abin karantawa. Shekarunta 27. Cikin azumin da ya wuce na je gidansu shan ruwa, aka kira magariba, sai na ga yarinyar nan ta jawo farar kujerar roba ta zauna ta kabbarta salla a zaune. Kusa da ita kuwa ga Inna, kakarmu, wadda ta ba tamanin baya, tana tsaye ƙyam tana ruku'u tana sujada abinta. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Bayan an sallame na tambaye ta lafiya? Ta ce Yaya, wata huɗu ke nan in na sunkuya sai in ji kamar an soka min allura a ƙugu, har ya sauka cinyata ta hagu. Inna ta juyo ta ce, "Na hwaɗi mata, wanga zama na bisa icce shi ka kashe ta, ba ta jiya ba."

Da sati ya zagayo na bi ta ofis ɗin nasu don in karɓi wasu shafuka, a nan na ga abin da take zama a kai tun ƙarfe takwas na safe har la'asar. Kujerar katako ce irin ta da, majinginarta ta karye an cire, ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta an tokare da nannaɗaɗɗen kwali. Teburin kuma dogo ne, sai ta ɗaga kafaɗu kafin yatsunta su kai ga madannai, wuyanta a miƙe gaba kamar na kaza mai shan ruwa. Ƙofar ofishin oga a buɗe take, na leƙa. Ga wata baƙar kujera mai juyi, majinginarta ta fi tsawon mutum a zaune, ko ledar da aka kawo ta ciki ba a gama cirewa ba. Na ce ina mai ita? Ta ce ai sau biyu yake leƙowa a sati, ya sa hannu a takardu ya fita.

Abin ya tsaya min a rai. Na dawo gida ina ta tambayar kaina, wai shin yaushe ma kujerar nan ta shigo mana, kuma yaya aka yi ta faɗa hannun wanda ba ya zama, ta bar wadda zama ne aikinta?

Mu da muka tashi a ƙasar Gwandu ba ma bukatar a gaya mana cewa aikin biro da takarda ya daɗe a nan. Muna 'yan makaranta an sha kai mu ziyara hubbaren Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Mujaddadi Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1829 aka rufe shi a cikin garin Gwandu. Jama'ar Shehu sun zo Gwandu ne a 1805, shekarar da aka yi mummunan karon nan na Alwasa, aka yi wa garin ganuwa, Shehu da kansa ya zauna nan wasu shekaru kafin ya koma Sifawa, daga can kuma Sakkwato inda ya rasu a 1817. Da aka raba aikin daula a 1812, yamma ta faɗo hannun Malam Abdullahi, gabas hannun Muhammadu Bello. To duk da yaƙi da shari'a da hidimar jama'a, bawan Allahn nan ya rubuta littattafai masu ɗimbin yawa, masu ƙirga suna kai su sama da ɗari. Akwai Liya'ul Hukkami da ya rubuta a Kano lokacin da ransa ya ɓaci da halin wasu mutanen jihadi ya bar su da niyyar tafiya gabas, akwai Tazyinul Waraƙati, akwai babban tafsirinsa Liya'ut Tawili wanda har gobe ake karantarwa a zaurukan malamai. Ni da nake rubuta ɗan littafi mai shafi tamanin in kwana uku ina kukan wuya, in na tuna wannan sai kunya ta kama ni.

Malaman wancan zamani kuwa ba su san tebur ba. Buzu ne ko tabarmar kaba a zaure, ga kurtun tawada a gefe, ga alƙalamin kara, ga gafaka. Takarda a kan tafin hannu take ko a kan gwiwa, yadda har yau za ki ga alaramma yana rubuta Alƙur'ani da ka. Ki tsaya ki kalli irin wannan malami na awa ɗaya, ba za ki same shi a zama iri ɗaya ba. Yanzu ya harɗe, an jima ya kafa gwiwa ɗaya ya kwantar da ɗaya, can ya yi zaman tahiya, in almajiri ya zo biya karatu ya kishingiɗa a jikin bango ko a kan tumtum. Tawada ta ƙare ya miƙa hannu, baƙo ya yi sallama ya tashi, kafin ki ankara an kira salla, a tsuguna a yi alwala, a taka zuwa masallaci, a yi tsayuwa da ruku'u da sujada, sau biyar kullum. Ban ce bayansu bai taɓa ciwo ba, mun ga tsofaffin malamai da suka ranƙwafa, mun ga waɗanda gwiwa ta hana su tashi. Amma jikinsu bai san a dasa shi wuri guda tun hantsi har la'asar ba.

Har Bature ma ya ɗanɗana irin wannan aiki a Gwandu. A watan Mayu na 1853 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, ya sauka garin kan hanyarsa ta zuwa Tambutu, zamanin Sarkin Gwandu Halilu. Sarki bai yarda sun ga juna ido da ido ba, sai dai ta bakin fadawa, aka yi ta ja-in-ja kan kyauta. Amma a nan wani malami ya ara masa kwafin Tarihus Sudan, tarihin daular Songhai, ya kwashe kwanaki yana kwafar abin da zai iya cikin gaggawa, kuma ta wannan hanya mutanen Turai suka fara sanin abin da ke cikin littafin. Ya ma yabi albasar Gwandu, ashe tun ba yau ba. Nakan kwatanta shi a raina, mutumin da ya tashi kan kujera da tebur, ga shi cikin zafin bazara ya duƙufa kan takardun aro, sai in yi dariya ni kaɗai in ce ko yaya ƙugunsa ya kwana.

Kujera fa muna da ita tun asali, sai dai ta mata ce. 'Yar tsugunno nake nufi, wadda masassaƙa ke fafewa daga gungume ɗaya, tsawonta bai wuce taƙi ba, a yi mata zanen wuta a gefe. Ba a kai amarya ɗaki babu ita, tare da turmi da taɓarya da ƙore. A kanta ake tuƙa tuwo, a kanta ake kitso, a kanta mai jego ke wanka. Namiji mai ji da kansa ba ya hawa kujerar mata, har camfi ake yi wa yara maza a kai. Sarki kuwa yana da karaga ko gadon da aka shimfiɗa wa kilishi, ya ɗan ɗara jama'a tudu, amma shi ma galibi harɗewa yake yi a kai, sauran fadawa kowa a ƙasa.

Kada kuma wata ta ɗauka ina cewa iyayenmu mata sun tsira daga ciwon baya don ba su shiga ofis ba. Ina! Daka da surfe, shara da guntuwar tsintsiya, wanki a duƙe, tulu a ka, ɗa a baya wani a ciki, ga masu dashen shinkafa a fadamar Kalgo da Bunza da za su wuni a sunkuye cikin taɓo. Ciwon ƙugu tsohon abokin zaman mace ne a ƙasar nan, kawai ba ta da bakin faɗa ne, in ta yi ƙorafi a ce raki. A jiƙa mata sassaƙe a ce basir ne, ko a ce sanyi ne ya shige ta, in abin ya yi tsanani a nufi wurin masu ɗori, mu nan kowa ya san Aliero da wannan sana'a. Inna da nake yabo ita ma akwai shekarar da ta yi wata biyu tana rarrafe bayan haihuwar autanta.

Kujera mai dogayen ƙafafu da majingina, tare da Nasara ta zo. A watan Maris na 1903 suka ci Sakkwato, Gwandu ta riga ta miƙa wuya ba a yi yaƙi ba, bayan tashin Satiru na 1906 kuma fadar Sarkin Gwandu ta koma Birnin Kebbi inda take har yau. In Di'o ya fito rangadi, cikin kayan da 'yan dako ke ɗauka har da kujerarsa mai naɗewa da ɗan teburinsa. A kafa masa a gindin tsamiya ko a barikin sauka, ya hau ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, dagatai da talakawa su zube a ƙasa ana zaki, zaki. Abin da idon mutanenmu ya fara gani ke nan game da kujera: mai iko a sama, marar iko a ƙasa. Ba wanda ya kalle ta a matsayin kayan aiki kamar yadda ake kallon fartanya ko keken ɗinki.

Daga nan aka kafa ofisoshin En'e, da baitulmali, da kotunan alƙalai masu rajista, aka ɗauki malaman haraji da na jangali da akawuna. Kakanmu mijin Inna, Allah ya jiƙansa, malamin haraji ne a wurin wani hakimi. Inna ta ce ranar da aka ba shi tebur da kujera a ofis, sai da 'yan uwa suka yi ta zuwa yi masa barka kamar an naɗa shi sarauta. Amma ta ce in ya dawo gida da rasit ɗin da bai gama ba, tabarma yake sa a shimfiɗa masa a zaure ya baje su a ƙasa, wai a nan ne lissafi ke fita. Sarakuna ma suka shiga zaman kujera irin na Turawa. A 1934 Sarkin Gwandu Usmanu ya je Ingila tare da Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero, suka gana da Sarkin Ingila. Sarkin Gwandu Haruna Rashid, wanda ya yi sarauta daga 1954 zuwa 1995, shi ya riƙe kujerar shugabancin Majalisar Sarakunan Arewa a Kaduna har zuwa juyin mulkin 1966.

Sai 1976, shekarar da aka rushe tsarin En'e aka kawo ƙananan hukumomi, kuma aka buɗe makarantun firamare na kyauta ko'ina. 'Ya'yan talakawa da suka saba da zaman allo a ƙasa aka jera su kan benci, mutum huɗu ko biyar a katako ɗaya, dogo da gajere duk tsawo ɗaya, wanda ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba ya yi ta lilo da ita. Aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, ofisoshi suka yawaita a Birnin Kebbi. Kalgo da muka sani mararrabar motocin Jega da Bunza da Kamba ta zama hedkwatar ƙaramar hukuma, daga baya jami'ar tarayya da aka kafa a 2013 ta zauna a gefenta, ga babban asibiti, ga shagunan buga takardu da hoto birjik a bakin titi. Yanzu a garin akwai ɗaruruwan samari da 'yan mata da abincinsu ke kan zama gaban kwamfuta.

Ki ma saurari yadda muke magana. Wane yana neman kujera, wane ya hau kujera, an ture shi daga kujera, kujerar Makka, har shugaban ƙaramar hukuma ciyaman muke ce masa, wanda asalin kalmar a bakin masu ita mai kujera take nufi. Kujera a wurinmu muƙami ce. Shi ya sa in an tashi sayen kayan ofis ake auna girman kujera da girman mai ita, ba da yawan awoyin da za a yi a kanta ba. Babba ya samu mai juyi, mataimakinsa ya samu mai soso, sakatariya da akawu su gaji abin da ya rage tun zamanin tafireta.

Su can da suka ƙago ta, ciwo ne ya koya musu hankali. Tun a 1700 wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta littafi kan cututtukan masu sana'o'i, ya lura da yadda masu aikin zaune irin teloli da dukawa ke lanƙwashewa, daga baya ya ƙara da marubuta da akawuna. Masanin nan na Ingila Charles Darwin ya sa wa kujerarsa ta karatu ƙafafu masu taya don ya riƙa zagaya ɗakinsa ba sai ya tashi ba. A 1849 wani Ba'amurke, Thomas Warren, ya ƙera kujera mai juyi mai lilo a kan ƙarfe mai tsalle, aka nuna ta a babban baje-kolin Landan na 1851. Da tafireta ta shigo ofisoshi, mata suka cika ɗakunan buga takardu, kukan baya da wuya da yatsu ya yi yawa, masu kamfani suka ga ciwon ma'aikaci asara ce gare su. A hankali aka samu wani fanni na ilimi da suke kira agonomiks, wato daidaita kayan aiki da jikin mai aiki, maimakon a tilasta wa jiki ya bi kayan. A 1976 ɗin nan da muke jera yara kan benci, wani mai zane Bill Stumpf ya fito da kujerar Ergon a kamfanin Herman Miller na Amurka bayan ya shafe shekaru yana nazarin yadda mutane ke zama. A 1994 shi da Don Chadwick suka fito da Aeron, mai raga maimakon soso don iska ta ratsa, wadda sabuwarta ta haura dala dubu.

Mene ne sirrin? Ƙashin bayan mutum ba sanda ba ce miƙaƙƙiya. Gaɓoɓi ne jere, 24 daga ciki masu motsi: 7 a wuya, 12 a gadon baya inda haƙarƙari ke kamawa, 5 a ƙugu. Tsakanin gaɓa da gaɓa Allah ya sa wani ɗan faifai na guringuntsi mai taushi a ciki, kamar matashi, ta bayansu kuma laka ta bi, jijiyoyi suna fita ta gefe zuwa hannuwa da ƙafafu. In mutum na tsaye daidai, ƙugunsa yana da ɗan lanƙwasa zuwa ciki. In ya zauna babu majingina ya gaji, sai ƙugun ya turo waje, kafaɗu su zubo gaba, kai ya rinjaya, naman baya da na wuya su yi ta riƙon kaya ba hutu. Wani likitan ƙashi ɗan Suwidin, Alf Nachemson, ya auna nauyin da ke kan waɗannan fayafai a jikin masu rai tun shekarun 1960, ya ga zama a duƙe ba jingina ya fi tsayuwa danne su. A 1999 wasu masana a Jamus suka sake awon da na'ura ta zamani, suka ga in an jingina an saki jiki nauyin yana raguwa ƙwarai, duƙawa gaba ce ke ƙara shi, ɗaga kaya a sunkuye kuwa ya fi duka.

Kujerar kirki aikinta ke nan. Tana hawa tana sauka don tafin ƙafa ya zauna daram a ƙasa, gwiwa ta yi daidai da ƙugu ko ta ɗan yi ƙasa kaɗan. Majinginarta tana da ɗan tudu daidai ramin ƙugu. Mazauninta ba ya dannar bayan gwiwa, ana barin kamar faɗin yatsu uku. Tana da wurin ɗora hannu don kafaɗu su huta, tana kuma ɗan kwantawa baya in an jingina don mutum ya riƙa sauya zama. Ki lura, babu tsawon majingina ko ƙyallin fata a cikin lissafin. Da yawan manyan kujerun da ake saya wa oga don kwarjini, soso ne kawai aka tula, ba su san ƙugu ba.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Masu talla za su ce miki kujerarsu na warkar da ciwon baya, masu bincike kuwa ba su samu hujja mai ƙarfi cewa kujera ita kaɗai tana hana shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu, kuma ƙasashen da suka fi kowa kujeru masu tsada ba su tsira ba. A shekarar nan ta 2020 wasu masana suka fitar da nazari kan Hadza, mafarautan daji a Tanzaniya. Suka tarar su ma suna hutawa kusan awa goma a yini, kamar ma'aikacin ofis, sai dai yawancin hutun a ƙasa ne, wani a tsugune wani a durƙushe, naman ƙafa yana ɗan aiki ko ana hutu. Da na karanta wannan sai na tuna alaramma da buzunsa, na tuna Inna da 'yar tsugunnonta da ba ta minti goma a kai ba ta miƙe ta iza wuta ba.

Muka kai ƙanwata asibiti. Likita ya fara da tambayoyi: akwai zazzaɓi ko zufar dare, ta rame, ƙafa tana mutuwa ko tana jan ta, fitsari ko bayan gida yana kufce mata, ta taɓa faɗuwa? Ya ce in da ɗaya daga cikin waɗannan to ba maganar kujera ba ce kuma, don akwai tarin fuka da ke kama ƙashin baya har ya fito da ƙusumbi, akwai kuma dannewar jijiya da ba ta jiran gobe. Alhamdu lillahi ba ko ɗaya. Ya yi mata faɗa sosai kan ƙwayoyin kashe ciwo da take saya a kemis tana sha safe da yamma ba ƙa'ida, ya ce suna cin ciki suna taɓa ƙoda. Ya tura mu sashen gashin ƙashi, wata ma'aikaciya mai kirki ta koya mata motsa jiki, ta ce kada ta kwanta ta ce tana jinya, ta riƙa tafiya, kuma duk rabin awa ta miƙe daga gaban kwamfuta ko da zagaya tebur ne. Ta ce a gyara wurin zaman.

Muka shiga wani shagon kayan ofis a Birnin Kebbi. Da mai shagon ya faɗi kuɗin mai hawa da sauka ɗin, sai muka kalli juna, ya fi albashinta na wata uku. Ta rubuta takarda a ofis tana roƙon a sauya mata kujera, har da takardar likita ta haɗa. Amsar da ta dawo ita ce babu wannan a kasafin bana. Ta ce ko za a ara mata ta ofishin oga ranakun da ba ya nan? Wanda ta gaya wa ya zaro ido ya ce, ke, kina so a ce kin hau kujerar oga?

Sai na ɗebi wani abu daga kuɗin littafina na baya muka tafi wurin wani kafinta a nan Kalgo. Na ce Malam, kujera muke so amma sai ka auna mai ita. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Hajiya shekarata ashirin ina wannan aiki, ni ba tela ba ne, kujera ai kujera ce. Na ce to yau ka zama tela. Na karɓi tef ɗin na auna ta da kaina, daga diddige zuwa bayan gwiwa, daga bayan gwiwa zuwa mazaunai, daga mazauni zuwa ramin ƙugu, yana rubutawa a jikin katako da fensir yana girgiza kai. Muka ce majinginar ta ɗan kwanta baya kaɗan, kada ta tsaya tsaye kamar ta makaranta. Muka je ofis ranar Asabar da izinin maigadi ya rage ƙafafun teburin nata har gwiwar hannunta ta yi daidai da madannai, muka ɗora allon kwamfutar kan tsofaffin fayil har samansa ya zo daidai idonta. Wata maƙwabciyarmu mai ɗinki ta cusa auduga ta yi mata ɗan dogon matashi mai igiya da za a ɗaura daidai ƙugu.

Ranar Litinin a Keke Napep ta kai kujerar ofis, masinja yana ta tsokanarta wai ta zo da karagarta. Ta sa ƙararrawa a waya, in ta buga sai ta miƙe ta kai fayil da kanta maimakon ta aika. Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba, in ta kwana tana buga min rubutu yakan motsa, shi ya sa littafin da kuke ta tambayata ya makara, ku yi min afuwa, na hana ta aikin dare. Amma da babbar salla a tsaye ta yi sallar idi. Kafintan nan kuwa na ji an ce mutum uku daga shagunan buga takardu sun je ya yi musu irinta, har ya sayi sabon tef.

Kafin a kai ta ofis sai da kujerar ta kwana biyu a tsakar gidansu, muka yi ta lallashin Inna ta ɗan hau ta ji. Ta zagaya ta, ta ƙwanƙwasa katakon, ta matsa matashin da yatsa, ta ce aikin ya yi kyau. Sannan ta ce, "Ku dai da ita. Ni ba ni zamnawa inda in goro ya hwaɗi sai na sabko in ɗauka." Ta jawo 'yar tsugunnonta da ƙafa, ta zauna ta ci gaba da tsinkar zogale.